Maƙwabciyata 'yar Katolika ta ce ko mijinta zai kore ta ba za a zubar da cikin nan ba, don Allah ku fahimtar da ni

Maman_Ilham (Agege)

Assalamu alaikum 'yan uwa, Kiristocin cikinmu kuma barkanku da war haka. Ina da tambaya amma sai na ɗan ba ku labari tukuna, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku kenan abin na cina a rai ko baccin kirki bana samu.

Muna zaune a gidan haya nan Agege, irin gidan nan na ɗaki ɗaki da kicin ɗaya, shekara shida kenan ƙofata na kallon ƙofar wata baiwar Allah 'yar kudancin Kaduna, zan kira ta Maman Godiya duk da ba sunanta kenan ba. Wlh matar nan ta fi min wasu 'yan uwan na jini, ranar da naƙudar Ilham ta kama ni maigidana yana hanya ya tafi ɗauko kayan gwari daga arewa, ita ta nemo keke da tsakar dare, ita ta kwana a kaina a asibiti, ita ta riƙa dafa min ruwan wankan jego har mahaifiyata ta iso daga Zariya. Toh bara mijinta ya ɗauko 'yar ƙanwarsa daga ƙauye, yarinya 'yar shekara 17, tana taya ta sayar da shinkafa da wake a bakin tasha da safe, da yamma tana zuwa lesin don ta sake zana jarrabawa. Wani ƙato da yake zuwa sayen abinci ya yi ta mata daɗin baki wai zai aure ta, yanzu dai yarinya ta yi ɓatan wata, an gwada an ga ciki, a lissafinsu sati bakwai, shi kuma wayarsa a kashe tun ranar da ta gaya masa.

Mijin ya ce shi bai san da wane ido zai kalli ƙanwarsa ba, amana aka ba shi, kuma ga ɗaki ɗaya su shida. Wani mai kemis ya ce masa ya kawo dubu goma sha biyar ya ba da ƙwayoyi, wai ai jini ne kawai bai zama mutum ba. Maman Godiya ta ce atafau. Sai ya zo wajen maigidana ya ce a sa ni in lallashe ta tunda tana jin maganata. Na je, kuma gaskiya na gaya mata abin da na taso ina ji, cewa kafin wata huɗu ba a busa rai ba. Ta kalle ni hawaye na zuba tace Maman Ilham ni Katolika ce, a wurinmu tun ranar da ciki ya shiga mutum ne, in na ba da ko naira ɗaya ko na raka ta wajen mai kemis ɗin nan na yanke kaina daga tarayyar coci, ko zai kore ni daga gidan nan ba da hannuna ba. Na rasa abin cewa na taso jikina a sanyaye.

Abin da nake son sani, da gaske ne haka dokar cocinsu take ko ita ce dai ta tsaurara wa kanta? Me ya sa 'yan Katolika suka fi kowa zafi a kan maganar nan? Kuma na taɓa jin wai ko uwa za ta mutu ba sa yarda a taɓa cikin, shi ma gaskiya ne? Sannan ni yanzu ya zan yi, don mijin yana jiran amsa daga bakina. Don Allah banda zagin addinin kowa, fahimta nake nema.

Katikis_Ojo

Salama gare ki 'yar'uwa Maman Ilham, Allah ya saka miki yadda kika riƙe maƙwabciyarki. Ni katikis ne, na daɗe ina koyar da masu shirin baftisma da masu shirin aure da harshen Hausa, yawanci iyalan sojoji da mutanenmu na Kaduna da Filato da Zuru da suke zaune a nan Legas, don haka tambayar nan na sha jin ta.

Maman Godiya ba ta ƙara komai daga kanta ba. Koyarwar Ikilisiya a rubuce take a Katikizim, wato littafin koyarwar cocinmu, sakin layi na 2270, cewa ran ɗan Adam dole a girmama shi a kare shi ɗungurungum tun daga lokacin da aka ɗauki cikinsa. Duk zafin da kike gani daga wuri ɗaya yake fitowa, mu a wurinmu abin da ke cikin yarinyar nan ba wani sashe na jikinta ba ne kamar haƙori ko ƙari da za a cire a huta, wani mutum ne daban da ya riga ya fara tafiyarsa. Ɗan sati bakwai da ɗan wata bakwai da ɗan shekara bakwai duk shi ɗin ne, girma kawai yake ƙarawa, ni da ke duk mun taɓa zama 'yan sati bakwai kuma ba wani aka canja aka kawo mu a madadinsa ba. In dai mutum ne toh dokar nan ta kada ka yi kisankai ta hau kansa. A Irmiya 1:5 Ubangiji ya ce wa annabin tun kafin ya siffata shi a cikin uwarsa ya san shi. A Luka sura ta 1 kuma da Maryamu ta kai wa Alisabatu ziyara tana ɗauke da sabon cikin Yesu, jaririn da ke cikin Alisabatu ya yi motsi don murna, kinga nan 'ya'ya biyu ne da ba a haifa ba amma Littafi yana maganarsu a matsayin mutane. Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya zo nan Legas da Kaduna a 1982, ya rubuta doguwar wasiƙa a 1995 mai suna Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ya nanata cewa zubar da ciki da gangan babban laifi ne kuma babu wata doka ta mutum da za ta halatta shi.

Shi ya sa kunya ko talauci ko ma fyaɗe ba sa canja hukuncin a wurinmu. Na san wannan na ƙarshen yana da nauyi a kunne, ni ma uban 'ya'ya mata ne. Amma mai laifi shi ne ƙaton da ya kashe wayarsa, ba a barin jaki a daki taiki, ɗan da ke ciki bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maganar yankewa daga tarayya ma gaskiya ce, sai dai mutanenmu da yawa rabin maganar suka sani. Dokar Ikilisiya ta ce wanda ya zubar da ciki, da wanda in ba da taimakonsa ba abin ba zai yiwu ba, kamar mai biyan kuɗin ko mai ba da maganin, yana sane da hukuncin, toh ya fita daga tarayya nan take ba sai wani ya sanar ba, ba zai karɓi Jibin Ubangiji a coci ba sai ya tuba. Amma wannan hukunci na nan take ba ya hawa kan wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya hawa kan wadda aka tilasta ko aka jefa cikin matsanancin tsoro. Kuma ba kora ce ta har abada ba, ƙofar ikirari, wato furta zunubi gaban Fada, a buɗe take, da can a wurare da yawa sai an kai maganar gaban bishop, amma a 2016 Fafaroma Francis ya ba kowane Fada izinin yafe wannan zunubi. Ina faɗin wannan ne saboda na san akwai mata da suke karanta mu a nan da suka yi shekaru suna zama a bencin baya suna ganin Allah ya gama da su, bai gama da ku ba.

Batun mun fi kowa zafi, 'yan'uwanmu na ECWA da COCIN da Baptis su ma ba sa goyon bayan zubar da ciki, bambancin dai mu koyarwar ɗaya ce a rubuce, abin da za a gaya miki a Rum shi za a gaya miki a Holy Cross da ke cikin Ikko shi za a gaya miki a ƙaramin coci a Zonkwa, babu Fadan da ya isa ya sassauta don ya ji tausayin wani.

Almajiri_Mile12

Wa alaikumus salam. Hajiya Maman Ilham, kafin mu je ga na Katolika bari in gyara miki namu, don maganar da kika gaya wa maƙwabciyarki ba haka take kai tsaye ba, kuma mata da yawa suna dogara da ita. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke Bukhari da Muslim, wanda yara suke haddacewa na huɗu a Arba'una, ya ce ana tara halittar mutum kwana 40 yana maniyyi, kwana 40 gudan jini, kwana 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai, shi ne kwana 120. Bayan wannan babu saɓani haramun ne kuma kisan rai ne. Amma hadisin bai ce kafin nan an buɗe ƙofa ba. Malamai sun yi saɓani, wasu daga Hanafiyya sun yi rangwame in akwai uzuri karɓaɓɓe, mu kuwa mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta a ƙasar Hausa ita ce ta fi kowacce tsanani, maganar da aka dogara da ita ita ce da zarar maniyyi ya zauna a mahaifa bai halatta a fitar da shi ba ko kafin kwana arba'in ne. Duk wanda ya karanta Risala ya san har gurra ake biya in an jawo mace ta yi ɓari, kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. Kuma dalilin da mijin nan ya kawo na ɗaki ɗaya su shida, Allah ya riga ya amsa shi a Suratul Isra'i aya ta 31, kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci, Shi ne mai arzuta su da ku.

Kinga kenan tsakaninmu da su Malam Katikis ba nisa sosai a nan, shi ya sa a taron yawan jama'a da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a Alƙahira a 1994 aka ga Vatican da wasu ƙasashen Musulmi a sahu ɗaya kan wannan magana. Inda muka rabu shi ne in likitoci amintattu suka tabbatar uwa za ta mutu, malamanmu sun ce a ceci uwa domin ita ce tushe ɗan kuma reshe ne. Shawarata ki koma wajen mijin ki ce masa ba za ki iya wannan aiken ba, kada ki sa hannunki.

NasHauwa

Baba Katikis da Malam na gode da bayani, ni ma Musulma ce kuma bana goyon bayan a je kemis, amma ku bar ni in faɗi abin da idona yake gani, shekara goma sha ɗaya ina aiki ɓangaren mata a wani asibitin gwamnati a garin nan. Duk kun yi magana a kan ɗan da ke ciki, Maman Godiya ta faɗi nata, mijin ya faɗi nasa, amma har yanzu ban ji wanda ya ce ya zauna da yarinyar ya tambaye ta ba. Wlh irin waɗannan yaran su ake kawo mana da asuba jini ya ƙare a jikinsu, ko ciki ya ruɓe yana wari zazzaɓi ya kai ƙololuwa, wata ta sha ƙwayoyi barkatai, wata ta haɗa da jiƙo da kanwa, wata an zura mata ƙarfe a bayan shago, kuma kusan dukkansu ba wanda ya sani a gida sai da suka faɗi. Akwai wadda aka cire wa mahaifa gaba ɗaya tana 'yar sha takwas, har yau ina ganin fuskarta. Yarinyar da take jin manya suna faɗa a kanta dare da rana, ta ga auren kawunta zai mutu saboda ita, ita da kanta za ta nemo kuɗin ta je ba tare da kowa ba. Don haka a ce an hana bai isa ba.

Dokar ƙasa ma ai ta hana, a Criminal Code da ake aiki da shi a kudu wanda ya zubar wa mace ciki shekara 14 ne, ita matar 7, wanda ya kawo maganin 3, a Penal Code na arewa ma laifi ne, sai dai in don ceton ran uwa. Amma duk da haka binciken cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya a shekarar 2012 kaɗai. Hukumar lafiya ta duniya kuma ta ce a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a ƙasar nan sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Baba Katikis ga abin da ya tsaya min a wuya kuma ba ka amsa wa Maman Ilham shi ba. A ƙarshen watan Yunin 2022, kwanaki kaɗan bayan kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncinta na 1973 da ya halatta zubar da ciki, gwamnatin jihar Legas ta fitar da ƙa'idoji ga likitoci kan yadda za a cire ciki a yanayin da doka ta riga ta yarda. Aka yi ca, Babban Bishop na Katolika a Legas, Adewale Martins, yana cikin waɗanda suka fito suka yi suka, a watan Yuli gwamna Sanwo-Olu ya dakatar da su. Mu da muke tsaye a kan mace mai jijjiga, hawan jininta ya ƙi sauka, ƙodarta ta fara tsayawa, cikin kuma bai kai inda jariri zai rayu ba, minti nawa muke da shi na jiran a gama gardama? Ita uwar ba rai ba ce? A Ireland ma sai da wata mata 'yar Indiya ta mutu a 2012 tana cikin ɓari an ƙi cire cikin da wuri, a 2018 suka yi ƙuri'a suka canja dokarsu.

Maman Ilham ke dai ga abin yi, ku kai ta asibiti a yi sikanin a tabbatar cikin a mahaifa yake zaune ba a waje ba, a san ainihin satinsa, a buɗe mata katin awo. Kuma yarinya 'yar 17 a dokar Legas yarinya ce, abin da mutumin nan ya yi laifi ne babba, akwai hukumar jiha ta DSVA mai kula da cin zarafi, akwai cibiyar Mirabel a Ikeja da suke duba irin waɗannan kyauta. Kada a bar shi ya sha.

DanKeke_Alaba

Ni dai tausayin mijin nake ji gsky, kowa ya zo yana kawo aya amma ba wanda ya ce ga kuɗin awo ga kuɗin haihuwa ga na madara. Kun san yadda haya take a Legas yanzu, in mai gida ya ga an ƙaru ma sai ya ƙara kuɗi. Kuma mu faɗi gaskiya mu Hausawa, in aka haifi yaron nan mu ne za mu fara kiransa shege, ba mai zuwa suna, in ya girma ya nemi aure a tono. Jariran da ake tsinta a kwata da bola ai ba daga sama suke faɗowa ba, tsoron bakin mutane ne. Ban ce a zubar ba wlh, amma wanda ya ce a bari ya miƙo hannu.

Katikis_Ojo

'Yata Nas Hauwa, kin yi gaskiya na tsallake tambayar, kuma Allah ya ba ku lada kan aikin da kuke yi. Ba daidai ba ne a ce Katolika sun ce a bar uwa ta mutu. Ran uwa da ran ɗa nauyinsu ɗaya a wurinmu, likita yana da majinyata biyu. Abin da aka hana shi ne a nufi ɗan kai tsaye a kashe shi. Amma a yi wa uwa maganin cutar da za ta kashe ta, ko da an san ɗan ba zai tsira ba, wannan an yarda. Misali cikin da ya zauna a wajen mahaifa, a bututu, ana yin tiyata a yanke wurin da ya lalace, asibitocin mishan ma suna yi. Ko mace mai ciki da aka samu da kansar mahaifa, ana iya cire mahaifar. Ko ɓari ya riga ya faru ɗan ya mutu, wankin ciki ba zubar da ciki ba ne ko kaɗan, wannan ma mutanenmu suna ruɗewa a kai su ƙi zuwa asibiti. Akwai wata likita 'yar Italiya, Gianna Molla, da aka samu ƙari a mahaifarta tana da ciki, ta zaɓi a cire ƙarin kawai a bar ɗan, ta haihu ta rasu bayan mako guda a 1962, aka sa ta cikin tsarkaka a 2004, amma ko ita Ikilisiya ba ta ce dole ne kowace mace ta yi haka ba, da ta zaɓi a cire mahaifar ba ta yi zunubi ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, akwai lungu mai wuya da ya rage, inda babu wata hanya sai a taɓa ɗan kai tsaye, a nan Ikilisiya ta ce a'a, Malam da dokar ƙasa kuma sun ce a ceci uwa. Na yarda da koyarwar cocina, amma ban taɓa tsayawa inda kike tsayawa da ƙarfe uku na dare ba, shi ya sa ba zan yi miki magana da ɗaga murya ba. Ƙa'idojin 2022 kuma tsoron shugabanninmu shi ne ƙofar da aka buɗe don larura ta zama ta kowa, kamar yadda aka gani a wasu ƙasashe.

Malam Almajiri, zancen kwana arba'in mu ma mun taɓa yinsa, manyan malamanmu na da irin su Toma Akwinas suna ganin sai bayan wasu kwanaki rai yake shiga, duk da haka sun ce zubarwa zunubi ne babba tun farko, a 1869 ne Fafaroma Pius na tara ya daina bambantawa wajen hukunci. Kuma haƙƙin rai a wurinmu bai tsaya a ciki ba, a 2018 an gyara Katikizim aka ce hukuncin kisa ma ba abin karɓa ba ne. Ɗan Keke, maganarka ta shige ni, ita ce ta fi kama mu.

Mama_Zumunta

'Ya'yana ni tsohuwa ce jikana ke taya ni rubutu, kuma jikan nan da kuke gani shi ne labarin. Shekara ashirin da biyu da suka wuce muna bariki 'yata ta biyu ta yi ciki tana aji biyar. Ni ce a gaba wajen waƙa a Zumuntar Mata, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata ƙawata da muke sa anko ɗaya ita ta fara kawo min sunan wani likita a ɓoye, wasu kuma da suke cewa zubar da ciki zunubi ne su ne suka daina zama kusa da ni a coci, suka hana 'ya'yansu gaishe da 'yata. Wannan ya fi cikin yi min ciwo. Mata uku ne kawai suka tsaya, ɗaya ta kawo tsofaffin kayan jarirai, ɗaya ta riƙa raka ta awo, ta ukun matar wani saja ce Musulma 'yar Gombe, ita ta riƙa aiko da kunun kanwa bayan haihuwa. Na karɓi yaron yana wata takwas na goya, uwar ta koma makaranta, yau malama ce tana da aurenta da 'ya'ya uku.

Ban ce da sauƙi ba, mun sha wuya, babanta ya yi wata biyar bai yi mata magana ba, sai ranar da yaron ya kama yatsarsa. Maman Ilham ki gaya wa Maman Godiya ta je wajen shugabar Zumunta ta cocinsu da Fada ta faɗa musu da bakinta kafin su ji a waje, ta ce musu ga abin da kuka koya min na yi, yanzu ku zo mu ɗauka tare. Akwai 'yan Sent Binsent di Pol a yawancin cocinmu, aikinsu kenan taimakon mabuƙata. Kuma ta ja yarinyar a jiki, ta kwana kusa da ita, kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki kwanakin nan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Maman_Ilham (Agege)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa, Mama na karanta naki sau biyu ina kuka. Malam na karɓi gyara, Allah ya yafe min abin da na faɗa ba da sani ba. Daren jiya na sa maigidana ya gaya wa mijin cewa ni ba zan iya ba, bai ji daɗi ba, har yanzu ba ya cin abincin matarsa, amma dai bai koma wajen mai kemis ɗin ba.

Yau da safe ni da Maman Godiya muka kai yarinyar asibiti kamar yadda Anti Nas ta ce. Cikin a mahaifa yake, kuma ashe sati tara ne ba bakwai ba, jininta ya yi ƙasa an ba ta magani. A hanyar dawowa cikin danfo na tambaye ta ita me take so, ta daɗe ba ta ce komai ba sannan tace ita tsoron babanta take ji kuma ba ta so a ce ta bar karatu, ta kuma ce akwai wata ƙawarta da ta riga ta yi mata alkawarin kai ta wani wuri ranar Asabar ba tare da kowa ya sani ba. Jikina har rawa ya yi. Yanzu dai a ɗakina take kwana tare da Ilham tunda maigidana ya sake tafiya.

Maman Godiya za ta ga Fada bayan Mas ranar Lahadi. Abin da ya rage mana shi ne wa zai kira uwar yarinyar a ƙauye, mijin ya ce ba da bakinsa ba. Anti Nas don Allah in za a je DSVA ɗin nan dole sai da kawun nata ko mu mata biyu ma za mu iya kai ta? Muna da tsohuwar lambar mutumin da hotonsa a wayar yarinyar.